KUFAN HALITTA: Manyan Amadilo na Zamanin Ƙanƙara da Abin da Ke Kwance Ƙarƙashin Ƙasar Zamfara

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarar 2020 labari ya bazu cewa wani manomi a lardin Buenos Aires na ƙasar Ajantina ya kai shanunsa kiwo bakin wani rafi da fari ya ƙafar, sai ya hangi wasu abubuwa sun turo kai daga cikin busasshiyar laka kamar an kife manyan masakai. Da masana suka zo suka tona, sai suka tarar ƙoƙunan bayan wasu dabbobi ne guda 4, manya 2 da ƙanana 2, waɗanda aka ƙiyasta sun mutu kimanin shekara 20,000 da suka wuce. Dabbobin nan dangin amadilo ne, kuma irinsu ya ƙare a duniya tun ƙarshen zamanin ƙanƙara.

Duk wanda aka ɗora wa fassara wannan labari zuwa Hausa zai ci karo da matsala uku. Ta farko, dabbar ba ta da suna a Hausa. Ta biyu, abin da aka tono ba gawa ba ne, kuma ba ƙashi ba ne irin wanda mahauci ya sani. Ta uku, tsawon lokacin da ake magana a kai ya wuce abin da muke nufi in mun ce "shekaru aru-aru". Makasudin wannan maƙala shi ne a bayyana ko wace irin dabba ce wannan, da dalilin da ya sa ba a samunta a ƙasar Hausa, sa'an nan a duba abin da ƙasarmu ta adana a madadinta, musamman a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Daga ƙarshe za a koma kan kalmomi, domin abin da ba shi da suna a bakin mutane ba ya da daraja a hannunsu, kuma abin da ba shi da daraja jefar da shi ake yi.

2.0 Amadilo da manyan danginsa

Amadilo dabba ce mai shayarwa wadda ba a samunta sai a nahiyar Amurka. Sunan daga Sifaniyanci ya fito, ma'anarsa kuwa ɗan ƙaramin mai sulke. Akwai kimanin iri 20 da ke raye a yau, daga wanda bai wuce tafin hannu ba zuwa wanda nauyinsa ya haura kilo 30. Yana haƙa rami kamar dabgi, yana cin gara da tururuwa da tsutsa. Bahaushen da ya ga hotonsa zai ce ɗankunya ne, amma fa ba su haɗa dangi na kusa ba. Ɓawon ɗankunya iri ɗaya ne da farce ko ƙaho, shi kuwa sulken amadilo ƙananan ƙasusuwa ne da suka tsiro cikin fata. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga abin da za a tattauna, domin farce da ƙaho ruɓewa suke yi, ƙashi kuwa yana iya jure zaman ƙasa.

A shekarar 1832 Charles Darwin ya tsinci gutsattsarin irin wannan sulke a Punta Alta, bakin tekun Ajantina, ya kuma lura cewa sun yi kama da na amadilo, sai dai girmansu ya wuce hankali. A 1839 Richard Owen, wani masanin ƙirar jikin dabbobi a Landan, ya raɗa wa dabbar suna Glyptodon, watau mai sassaƙaƙƙen haƙori a Girkanci, saboda kwarin da ke jikin haƙoranta. A nan za mu riƙa kiranta giliftodon.

Tsawon babban giliftodon ya kai mita 3, nauyinsa kuma ya haura tan 1, watau girmansa ya yi kusa da na ƙaramar mota. Ƙoƙon bayansa dunƙule yake kamar na kunkuru, ba ya lanƙwasuwa, an kuma jera shi da ƙananan ƙasusuwa fiye da 1,000 masu kaurin kusan inci 1. Kansa yana da hular ƙashi, wutsiyarsa kuma zobba ne na ƙashi. Wani irinsa mai suna Doedicurus yana da dunƙulen ƙashi a ƙarshen wutsiya kamar kulki, kuma an sami ƙoƙuna masu tabon karaya da ake jin wajen faɗa da juna suka same ta. Duk da wannan shiri na yaƙi, ciyawa da ganye ne abincinsa.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan matsayin giliftodon a cikin dangi. A 2016 aka yi nasarar ciro ƙwayoyin gado daga wani guntun sulke na Doedicurus, aka gwada su da na amadilon yau, sai ya tabbata cewa giliftodon reshe ne daga cikin gidan amadilo kansa. A Amurka ta Kudu ya samo asali. Da mashigin Panama ya haɗe nahiyoyin biyu, kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, wasu suka ƙetara arewa, shi ya sa ake tono su a Meziko da kudancin Amurka.

Irinsu ya ƙare wajen shekara 12,000 da suka wuce, tare da wasu manyan dabbobi da dama na wannan nahiya. Dalili biyu ake kawowa, watau sauyin yanayi da ya zo da ƙarshen zamanin ƙanƙara, da kuma farautar ɗan Adam. A 2024 aka buga wani bincike a kan ƙasusuwan wani ɗan wannan dangi da aka tono a gaɓar kogin Reconquista, kusa da Buenos Aires, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu 21,000, aka kuma sami sawun yanka a jikinsu irin na wuƙar dutse. Ke nan mutum ya riski waɗannan dabbobi, ya kuma feɗe su.

3.0 Yadda ƙashi ke zama dutse

Yawancin abin da ya mutu a daji ba ya barin alama. Kura da ungulu su ci nama, rana da ruwa su farfasa ƙashi, gara ta ƙarasa. Wanda ke tsira shi ne wanda laka ko yashi ya rufe da sauri, alal misali dabbar da ta maƙale a fadama, ko wadda ambaliya ta binne, ko wadda ta nutse a ƙasan teku. A can ƙarƙashi ruwa yakan ratsa ƙananan ƙofofin ƙashin ɗauke da narkakkun ma'adinai, ya riƙa ajiye su a hankali har ƙofofin su cika. Da tafiya ta yi nisa sai ƙashin ya yi nauyi, ya koma dutse, amma siffarsa tana nan. Haka ma yake faruwa ga itace da katantanwa da haƙori, har da sawun ƙafa a kan laka.

Wannan bayani ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Tun ƙarni na 11 Ibn Sina ya yi magana a cikin Kitab al-Shifa a kan yadda dabbobi da tsirrai kan rikiɗe su zama dutse, Al-Biruni kuma ya duba duwatsun ƙasar Hindu ya fahimci cewa wani sashenta teku ne a da wanda laka ta cike.

Ana gane shekarun irin waɗannan abubuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce duba hawa-hawan ƙasa, domin in ba wani abu ya birkita su ba, na ƙasa ya girmi na sama, kamar yadda mai gini ya san jerin tubalin da ya fara ɗorawa. Ta biyu ita ce awon wasu sinadarai da ke raguwa bisa ƙa'ida sananniya. Wanda aka fi sani shi ne kabon 14, wanda rabinsa ke gushewa cikin shekara 5,730, amma amfaninsa bai wuce abin da ya kai shekara 50,000 ba. Abin da ya girmi haka sai a nemi wasu sinadarai masu jinkirin raguwa, irin waɗanda ake samu a tokar aman wuta.

4.0 Dalilin da ya sa babu amadilo a Afirka

Wanda ya dubi taswirar duniya zai ga cewa ƙusurwar Birazil ta yi daidai da lungun da Nijeriya da Kamaru suke, kamar ɓarin ƙwarya biyu. A da can Afirka da Amurka ta Kudu ƙasa ɗaya ce. Sun soma tsagewa a hankali, suka gama rabuwa wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, tekun Atlantika ya shiga tsakani. Kwarin da kogin Binuwai ke bi a yau wani reshe ne na wannan tsagewa wanda bai kai ga buɗewa ba.

Dabbobin da suka riga rabuwar ana samunsu a ɓangarorin biyu. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, an tono wani ƙaton kada da tsawonsa ya haura mita 9, wanda masanan Faransa suka raɗa wa suna Sarcosuchus a 1966, kuma an sami ɗan'uwansa a jihar Bahia ta Birazil. Amadilo kuwa daga baya ya bayyana. Mafi tsufan ƙasusuwansa da aka sani an same su ne a Itaboraí, kusa da Rio de Janeiro, shekarunsu kuma sun ɗan haura miliyan 50. Sa'ad da ya bayyana teku ya riga ya raba, don haka bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Saboda haka mai neman giliftodon a fadamar Bakura ɓata lokacinsa yake yi. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, me ke kwance a can a madadinsa?

5.0 Maradun, Talata Mafara da Bakura

Waɗannan garuruwa uku, duk da kusancinsu, ba a kan ƙasa iri ɗaya suke zaune ba. Daga gabas da kudu, watau wajen Maradun da Maru da Anka har zuwa Gusau, abin da ke ƙarƙashi shi ne duwatsun asali masu tauri, irin su dutsen Kwatarkwashi. Zafi da matsi na can cikin ƙasa ne suka samar da su fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. A jijiyoyinsu ake samun zinariyar da ake haƙa a Zamfara, amma ba sa riƙe ƙashi ko itace, domin ko da akwai wata alamar halitta a cikin abin da aka yi su da shi, zafi ya shafe ta.

Daga yamma da arewa kuwa akwai wani babban kwari da masana ke kira kwarin Sakkwato, wanda shi ma gefe ne na wani mafi girma, kwarin Iullemmeden, da ya miƙe zuwa Nijar da Mali. A nan yashi da tsakuwa da laka suka yi ta taruwa hawa bisa hawa. Iyakar waɗannan ƙasashe biyu ta bi ta kusa da Talata Mafara. Matafiyin da ya taso daga Gusau zuwa Sakkwato zai iya lura da haka da idonsa, domin bayan ya wuce Mafara curarrun duwatsu sukan ƙare, sai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da jar marmara.

Hawa na farko da ya kwanta a kan duwatsun asali shi ne wanda masana suka kira shimfiɗar Gundumi, sunan dajin nan da ya yi suna a tarihi, wanda Heinrich Barth ya ratsa a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Wannan shimfiɗa ta bayyana a fili a kewayen Bakura da Tureta. Tsakuwa ce da yashi da yumɓu waɗanda tsofaffin koguna suka kwaso daga tuddan gabas, tun dabbobin nan da ake kira dinoso suna yawo a doron ƙasa. Abin da aka fi samu a cikinta shi ne itacen da ya zama dutse, wanda in an ɗauka za a ga zanen ɓawo da jijiyar itace sarai, amma nauyinsa na dutse ne, gatari kuma ba ya cin sa. Har wa yau yashin wannan shimfiɗa yana riƙe ruwa, shi ya sa rijiyoyin burtsatse da yawa na yankin suke sha daga gare ta.

Bayan zamanin kogunan nan sai teku ya malalo daga arewa, ya ratso inda Sahara take a yau, ya rufe ƙasar Sakkwato. Ya zo ya koma fiye da sau ɗaya tsakanin shekara miliyan 70 da miliyan 55 da suka wuce, kowane zuwa kuma ya bar nasa hawa. Masu binciken ƙasa, tun daga J. D. Falconer wanda ya buga littafinsa a kan Nijeriya ta Arewa a 1911 har zuwa C. A. Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, su suka rarrabe waɗannan hawa-hawa. Sunayen da suke ɗauke da su a yau na garuruwanmu ne: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba da Gwandu. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita a Sakkwato tun 1967, cike take da ƙoƙunan ƙananan halittun teku.

A cikin waɗannan hawa-hawa aka tono manyan dabbobin ruwa. A 1925 Franz Nopcsa ya yi rubutu a kan wasu ƙasusuwa da aka aika Turai daga lardin Sakkwato. A 1930 W. E. Swinton na gidan tarihin halittu na Landan ya raɗa wa wani kada suna Wurnosaurus, ya kuma bayyana wani ƙaton ƙadangaren teku, dangin guza da damo. Daga baya wasu masana na Jami'ar Florence ta Italiya suka sami ƙoƙon kansa a ƙasar Goronyo, a 1972 suka sa masa suna Goronyosaurus. A 1975 L. B. Halstead ya bayyana wani kada mai dogon baki ya kira shi Sokotosuchus, a 1979 kuma wata kififiya da ya kira Sokotochelys. Watau sunayen Wurno da Goronyo da Sakkwato sun shiga littattafan kimiyya na duniya shekaru da dama, ɗaliban Landan da Florence suna haddace su, alhali littattafan da yaran Goronyo ke karantawa da Hausa ba su faɗa musu cewa garinsu ƙasan teku ne a da ba.

6.0 Zamanin ƙanƙara a ƙasar Hausa

Dole a rarrabe tsakanin abin da aka ambata a sama da zamanin giliftodon. Dabbobin tekun Sakkwato sun girmi na Ajantina nesa ba kusa ba. Zamanin ƙanƙara ya soma ne kimanin shekara miliyan 2.6 da suka wuce, ya ƙare shekara 11,700 da suka wuce, kuma a tsakanin nan sanyi ya yi ta zuwa yana komawa. A tsananinsa na ƙarshe, wajen shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai, ruwan teku kuma ya ja baya da kimanin mita 120.

Ƙanƙarar ba ta iso ƙasar Hausa ba. Abin da ya iso mu shi ne fari. Damina ta yi rauni, Sahara ta matso kudu da ɗaruruwan kilomita, iska ta tara rairayi dogaye-dogaye a inda ake noma gero a yau. A 1958 A. T. Grove ya buga wani nazari a kan waɗannan tsofaffin tuddan rairayi na ƙasar Hausa, ya nuna cewa hamada ce ta da wadda ciyawa da itatuwa suka ɗaure daga baya. Manomi ya san su tun kafin Grove, ya kuma ba su suna jigawa. Ke nan kalmar da muke amfani da ita kullum, wadda har jiha ta ci sunanta a 1991, sunan wani abu ne da tsofaffin zamunan fari suka bari.

Da sanyin ya wuce sai ruwa ya dawo fiye da na yau. Tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce tafkin Chadi ya cika har gaɓarsa ta kai wajen Bama da Maiduguri. Kwalekwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, a 1987, shekarunsa kusan 8,000 ne. A Gobero, cikin Tenere, an gano makabartar masunta a shekarar 2000, tare da ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye, a wurin da babu ko ɗigon ruwa yanzu. A Dabous, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa a jikin dutse.

Darasin da ke nan shi ne wanda Darwin ya lura da shi a Ajantina, cewa dabbobin da suka ƙare a wata ƙasa ba da daɗewa ba sukan yi kama da waɗanda ke raye a cikinta. Ajantina ƙasar amadilo ce, don haka giliftodon take fitarwa. Ƙasarmu ta giwa ce da dorina da ɓauna da kada, don haka irin ƙasusuwansu ya kamata a sa rai da su a cikin sabuwar laka. Wuraren da irin wannan laka ke taruwa su ne fadamu da gaɓar koguna da bakin tafkuna, irin su fadamar gulbin Sakkwato da ta bi ta Maradun da Mafara da Bakura, da tafkin Natu, da ƙasar da ake ratsawa da magudanan ruwa tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978. Ya kamata a tuna cewa manomi ne ya ga giliftodon 4 na Ajantina, makiyayi kuma ya ga jirgin Dufuna. Masani yakan zo ne daga baya, in an kira shi.

7.0 Matsalar kalmomi

Kowace al'umma da ta ci karo da manyan ƙasusuwa ta nemi bayani daga abin da ta sani. Buzaye na wajen Ingal sun danganta waɗanda suke gani a hamada ga wata halitta da suke kira Jobar, kuma daga nan Paul Sereno ya ɗauko sunan Jobaria a 1999. Mu kuma muna da Samudawa, mutanen da masu girman jiki, har tarihin baka na Zamfara yana cewa sarakunan farko da suka zauna a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi, ƙatta ne, ana kuma nuna manyan kushewu a matsayin nasu. Bai kamata manazarci ya yi wa irin waɗannan labarai dariya ba. Aikinsa shi ne ya rubuta su yadda aka faɗa, ya kuma tambayi inda aka ga abin, domin a wasu ƙasashe irin wannan tambaya ce ta kai masana ga wuraren tono.

Kalmar da masu fassara suka fi amfani da ita a yau ita ce ɓurɓushi, a ce ɓurɓushin halittun da. Tana da amfani, amma tana da rauni. Ɓurɓushi shi ne ɗan abin da ya zube daga tuwo ko ƙuli-ƙuli, ƙarami ne kuma marar siffa. Ƙoƙon giliftodon da mutum zai iya shiga ciki ya zauna, ko gungumen itacen dutse na shimfiɗar Gundumi, bai dace da wannan suna ba. Haka kuma "ƙasusuwan da" bai game itace da katantanwa da sawu ba.

Shawarar da ake bayarwa a nan ita ce a yi amfani da kufan halitta. Kufai shi ne wurin da gari ya tashi, mutane sun tafi amma ganuwa da marina da turɓayar gidaje suna nan suna ba da shaida, kamar kufan Alƙalawa ko na Surame. Kalmar ta ƙunshi abu uku da ake bukata: akwai rai a da, ran ya tafi, siffa ta saura. Tana kuma karɓar ƙari cikin sauƙi, a ce kufan itace, kufan kifi, kufan sawu, a kira mai nazarinsu masanin kufan halitta.

Game da sunan dabbar, babu laifi a ari amadilo da giliftodon, yadda aka ari wasu sunayen baƙin abubuwa, muddin za a biyo da bayani. Abin da za a guje wa shi ne a kira shi ɗankunya ko kunkuru don neman sauƙi, domin hakan koyar da kuskure ne. Haka nan in an ce iri ya ɓace, mai sauraro zai ɗauka ana iya gano shi, don abin da ya ɓace nemansa ake yi. Ƙarewar iri ta fi dacewa. Muna ma da misali a kusa, domin a 2011 aka bayyana cewa baƙin karkanda na yammacin Afirka ya ƙare, sunansa kaɗai ya saura a bakinmu. Shi kuwa "zamanin ƙanƙara" ya riga ya zauna, sai dai malami ya riƙa ƙarawa da cewa a wajenmu zamanin fari ne da rairayi.

Mafi wuya ita ce matsalar lokaci. "Zamanin da", da "tun kaka da kakanni", da "shekaru aru-aru" duk suna iya nufin shekara 200 ko miliyan 70, babu bambanci. Malami zai iya warware wannan da awon tsawo. A ɗauka kowace shekara milimita 1 ce. Daga jihadin 1804 zuwa yau santimita 22 ke nan, watau taƙi guda. Ƙarewar giliftodon tana nesa da mita 12, tsawon ɗakin karatu da 'yan kai. Ƙadangaren tekun Goronyo kuwa yana can nesa da kilomita 66 ko fiye, tafiyar yini biyu a ƙasa. Yaron da aka auna wa wannan a filin makaranta ba zai sake cewa mutane sun yi zamani da dinoso ba, zai kuma gane dalilin da ya sa suka yi zamani da giliftodon.

8.0 Kammalawa

An ga cewa giliftodon babban amadilo ne na nahiyar Amurka wanda irinsa ya ƙare wajen shekara 12,000 da suka wuce, kuma rabuwar nahiyoyi ce ta hana shi zuwa Afirka. An kuma ga cewa Talata Mafara tana bakin iyakar ƙasa biyu, ta Maradun mai zinariya da ta Bakura mai itacen dutse, kuma daga nan zuwa Sakkwato akwai kufan koguna da na teku da na hamada, ɗaya bisa ɗaya.

Kowace rana masu haƙar rijiya da masu ɗibar yashi da masu fasa dutse da magina suna buɗe wannan ƙasa. Abin da suka tono in ba su san shi ba zai tafi cikin kankare ko cikon hanya, kuma ba ya dawowa. Akwai aiki iri biyu a gaban masu nazarin Hausa. Na farko, ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku su tattara sunayen da waɗannan ma'aikata ke kiran kowane hawa na ƙasa da kowane baƙon dutse a Bakura da Dange da Wurno, domin mai yiwuwa kalmar da ta fi wadda aka kawo a nan tana bakin wani tsohon mai haƙar rijiya. Na biyu, a haɗa kai da sassan nazarin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ahmadu Bello a rubuta ƙananan littattafai da Hausa don makarantu, a kuma sanar da jama'a ta rediyo cewa wanda ya ga irin wannan abu kada ya ciro shi ko ya fasa, ya lura da wurin, ya ɗauki hoto, ya gaya wa mai unguwa ko hakimi don a sanar da jami'a ko Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ƙashin da aka raba da hawan da yake kwance ya rasa rabin labarinsa, domin hawan ne ke faɗin shekarunsa.